Hular Musaddiq a Wayar Baba

Masu karatu, ku gyara zama. Wadda ta ɗora tukunya ta je ta rage wuta ta dawo. Kun cika mini waya da tambayar ko an sa ranar ko ba a sa ba, har wata ta rubuto cewa in an fasa in taimaka mata da lambar Musaddiq. 'Yar'uwa na ga saƙonki, Allah ya shirye ki.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Adawiyya, 'yar Alhaji Harisu mai shanu ce ni a nan cikin garin Daura. Musaddiq shi ne wanda nake so. Aikinsa gina shafukan intanet, abin da har yau Baba bai gama yarda cewa sana'a ba ce. Shi Baba mutum ne da ba ya sayen saniya sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora, ya bubbuga kwiɓinta, ya sa an zagaya da ita. Ranar da Umma ta fara kai masa maganar, ina bayan labule ina ji.

"Yaron nan me yake sayarwa?"

"An ce shafi yake ginawa, Alhaji."

"Da bulo ko da jar ƙasa? In na tashi zuwa ganin ginin, a wace unguwa zan tsaya?"

Wannan magana ta shiga ran Musaddiq. Sai ya rantse zai gina wa bikinmu shafi na kansa, da sunayenmu, da na iyaye da kakanni, da wurin ɗaurin aure, da addu'a a ƙasa, don Baba ya ga gini da idonsa. Baba ya amince, amma da sharaɗi. Kada hoton 'yarsa ya shiga ciki ko da na ɗan yatsa ne, kuma a sa wa abin ƙofa da makulli, kada kowane ɗan acaɓa ya riƙa leƙa masa zuri'a. Tun da ya ji wani wa'azi a kan hotunan da samari da 'yan mata ke ɗauka kafin aure, ko mai kyamara ya hango a wurin suna sai ya sauya hanya.

To, mu kuwa muna da hoto.

Kada ku zage ni tukuna, laifin Iya ne. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, tsohuwar da haƙoranta suka ƙare amma datar wayarta ba ta ƙarewa. Ita aka haɗa mu da ita zuwa Katsina duba kayan lefe, wai ta sa mana ido. Muna fitowa daga kasuwa ta hango shagon mai hoto, ta ja hannuna.

"Ku shiga. Ni ban samu an yi mini ba, ba zan hana jikata ba."

Ina sanye da atamfa ruwan zuma, ɗinkin riga da siket, da gyale kalar madara, lallen hannuna bai gama gogewa ba. Shi kuma farar shadda da hula zanna mai aikin shuɗi. Muka tsaya nesa da juna kamar an kawo mu shari'a gaban alƙali. Iya ta ce wannan ba hoto ba ne, katin zaɓe ne. Ta miƙa hannu ta cire hular daga kan Musaddiq ta kifa mini a kan gyale. Na ƙyalƙyale da dariya, shi ya juyo yana kallona da kai ba hula, mai hoto ya danna. Ko hannu ba mu taɓa ba, Allah shaida ne. Amma ku da kanku kun san yadda hular namiji take a kan budurwa a idon dattijon Daura.

Da Musaddiq ya fara ginin, sai ya buƙaci hoton gwaji don ya ga yadda tsakiyar shafin zai zauna. Duk hotunan duniya bai ga na ɗauka ba sai wannan. Ya turo mini adireshin shafin da kalmar sirri, ya rubuto:

"Adawi, gwaji ne kawai. Ki duba ƙofar ki gaya mini. Ke kaɗai fa."

Na buɗe. Gaskiya ƙofar ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kore ce mai duhu, da zanen dagi a sama, da gurbin rubuta kalmar sirri, da wani ɗan akwati a ƙasa da aka rubuta "ka tuna da ni". Na sa kalmar, wadda ba komai ba ce illa "goro", ƙofar ta buɗe, sai ga ni da hula ina dariya. Iya tana gefena a kan tabarma tana tsinke zogale. Ta leƙo, ta ce in tura mata nata ita ma. Na tura. Na ce, "Iya, sirri ne fa." Ta ce, "Ni za ki koya wa sirri? Na riƙe sirrin da ya girmi uwarki."

Kafin zogalen ya dahu, adireshin yana cikin guruf ɗin danginmu, Zuri'ar Malam Kalilu, inda kowa yake, daga Daura zuwa Dutsi har Babban Mutum. A ƙarƙashinsa muryar Iya ce tana shela: "Jama'a ga ginin angona nan. In ya tambaye ku, ku ce masa goro."

Ban gani ba sai da saƙon Siddiƙa, 'yar gwaggona, ya shigo: "Amarya, hular ta fi yi miki kyau a kan mai ita."

Nan take na kira Musaddiq.

"Injiniya, ka kashe mu. Cire hoton nan yanzu!"

"Kwantar da hankalinki, abu mai sauƙi ne." Na ji ƙarar maɓallan kwamfutarsa. "Shi ke nan. Na sa hoton fure a wurin. Duba."

Na duba. Ni ce da hula.

"Sake dubawa."

Na sake. Ni ce da hula, har dariyar ta fara kama da ta mugunta.

Ya ce zai zo bayan la'asar.

A zaure ya same ni, ya zauna can bakin tabarma da laftof a cinya, ko ruwan da na kawo bai kalla ba. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar, ga fure ja a tsakiya, kyakkyawa. Na juya masa wayata.

"Ka yi mini bayani da Hausar da ake yi a kasuwar Laraba," na ce, "ban da turancin nan naka."

Ya share gumi. "Kin san dangin Babban Mutum sabis yana ba su wahala. Sai na tsara shafin yadda waya in ta buɗe shi sau ɗaya, za ta kwashe komai ta ajiye a cikinta. Ko ba sabis ya buɗe. Kuma don kada ya riƙa cin datar mutane, na ce wa wayoyin kada su dawo tambayar sabo sai shekara ta zagayo."

"Shekara."

"Tausayi ne ya sa."

"To ka sauya wa hoton suna mana, ko ka ce musu su dawo."

"Na sauya. Amma shafin da zai gaya musu sabon sunan, shi ma tsohon ne a ajiye a wurinsu. Ba sa zuwa wurina, Adawi. Kamar kin raba tuwo gida-gida ne, daga baya kika tuna babu gishiri a miyar. Ko kin gyara ta tukunya, wadda ta fita ta fita. Sai dai a bi waya ɗaya-ɗaya a share ajiyar da hannu."

A nan na tambayi abin da ke cina. Baba yana cikin guruf ɗin. Umma ta ce ta gan shi ya danna, ƙofar ta fito, ya gyaɗa kai ya ce lallai yaron ya sa makulli, sannan ya nemi tabaransa bai gani ba, ya mayar da wayar aljihu. Ya ce ba zai shiga ba sai ranar Asabar, ranar da magabatan Musaddiq za su zo sa rana, ya buɗe a gaban kowa.

"Tunda bai shiga ba, hoton bai je wayarsa ba ko?"

Musaddiq ya sunkuyar da kai. "Da an buɗe ƙofar, wayar take kwashe kayan ɗakin duka. Don in an shiga ya yi sauri."

"Wato kayan suna waje, makullin yana jikin ƙofa yana gadin iska."

"Ba haka ake faɗa a aikinmu ba."

"Yaya ake faɗa?"

Ya rufe laftof ɗinsa.

Ku fahimci inda muke. Hotona da hula yana kwance a aljihun Baba, tsakanin carbi da asuwaki, yana jiran a rubuta "goro". In ya fito a gaban baƙi, ba rana ba, ko sallama Musaddiq ba zai ƙara yi a ƙofar gidanmu ba. Matan dangi kuwa duk sun gani, kuma kamar an haɗa baki, babu wadda ta tsegunta wa mijinta. Sai dai in sun gamu da ni su dafa kai su ce, "Amarya, ina gajiya, ina hula?"

Na yi duk dabarar da na sani don wayar Baba ta zo hannuna. Mutumin nan ba ya rabuwa da ita. Tana aljihun 'yar-cikinsa, a ƙarƙashin riga, a ƙarƙashin babbar riga. In zai yi alwala ya ɗora ta a kan katanga yana kallonta kamar za ta gudu. Caji kuwa a motarsa yake yi. Na ce, "Baba kawo in goge maka gilashinta, ya yi maiƙo." Ya goga ta a hannun riga ya ce, "Ga shi na goge." Na ce wa Musaddiq shi ya roƙa. Ya zaro ido.

"Ni? In ce wa surukina ya ba ni wayarsa? Ni da in na hango shi a layin nan nake komawa ta bayan masallaci?"

Gaskiyarsa ne. Tun da aka fara maganar nan bai taɓa haɗa ido da Baba ba. Ya fi sanin takalman Baba a kan fuskarsa.

Sai dabara ta zo mini, kuma har yanzu ina ganin dabara ce mai kyau.

"Kalmar sirrin fa? Ita ma tana ajiye a wayoyin?"

"A'a, ita sai an tambayo wurina."

"To sauya ta. Baba ya rubuta goro ya ga ba ta buɗe ba, ya gaji ya bari. A sa rana, a watse."

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina. "Adawi, da kin yi karatun nan da kin fi ni."

"Da ma ai ba wuya fin ka."

Asabar ta zo. Tun da hantsi Umma ta sa aka shimfiɗa babbar darduma a zaure, aka turara shi. Baffa Sada, yayan Baba, ya iso daga Babban Mutum da rawaninsa da sandarsa. Malami ne mai makaranta, irin wanda in ya yi gyaran murya jariri ma yake yin shiru. Daga can ɓangaren kuma Alhaji Audi, ƙanin mahaifin Musaddiq, ya jagoranci mutanensu, da huhun goro da katan ɗin alawa. Musaddiq ba ya cikinsu, don kun san saurayi ba ya zuwa sa ranarsa. Yana shagonsa kusa da tasha yana turo mini saƙo: "Yaya?" "An fara?" "Ki yi ta salati."

Mu mata muka taru a bayan tagar zauren da ke kallon tsakar gida. Ni na sa hijabi har ƙasa, kamar zai rage zunubin. Iya ta jawo kujerarta 'yar tsugunne ta zauna a gaba, wurin da ya fi jin magana.

Aka yi addu'a, aka gaisa, aka tambayi damina da kasuwa. Alhaji Audi ya gabatar da abin da ya kawo su. Har Baffa ya buɗe baki zai ambaci watan biki, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Kafin nan, Yaya, bari ku ga aikin yaron. Kada a ce na ba da 'ya ga wanda ba a san sana'arsa ba."

Ya sa tabarau. Ya zaro wayar daga ƙarƙashin riguna. Ya rubuta da yatsa ɗaya, a hankali. Ƙofar ta yi ja ta ce kalmar ba daidai ba ce. Ya sake. Ta sake yin ja. Na lumshe ido na ce Alhamdu lillahi, yanzu zai ajiye.

Ban san ubana ba ashe. Mutumin da ke kwana uku yana cinikin bijimi ɗaya.

"A kira mini maginin," ya ce. "Gini ya ƙi buɗuwa ga mai gida, ai sai a nemo wanda ya sa ƙofar."

Alhaji Audi ya ce ai bai dace yaro ya shigo cikin iyaye a irin wannan zama ba. Baba ya ce ba a matsayin suruki zai zo ba, a matsayin ma'aikaci.

Na rubuta wa Musaddiq da sauri: "Ga damarka. Wayar za ta zo hannunka. Share ajiyar kafin ka buɗe."

Bai jima ba muka ji tsayuwar babur. Tun daga bakin titi ya cire takalma. Ya shigo a duƙe, ya tsugunna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, yana gaisuwa da muryar da ko shi ba ya ji. Baba bai miƙa masa wayar kai tsaye ba, sai ya ba Baffa, Baffa ya ba Alhaji Audi, Alhaji Audi ya ba shi. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Ta tagar ina hango yatsunsa suna shiga inda ake share ajiya.

"Me kake taɓawa a can?" in ji Baba. "Ba nan ƙofar take ba."

"Tsohon kaya ne ya cushe ta, Baba. Zan fitar, sabo ya shigo."

Ya danna. Ya share. Wallahi na ga kafaɗunsa sun sauka. Siddiƙa ta matse mini hannu, Umma ta ce "Allah mun gode" a ƙasan maƙoshi. Ya sa sabuwar kalma, ya ce yanzu shafin zai taho daga farko.

Sai dai zaurenmu ginin ƙasa ne mai kaurin bango, sabis ba ya shiga sai ya ga dama. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar wayar yana juyawa. Yana juyawa. Dattawa suka zuba masa ido. Wani ya yi hamma. Baffa Sada ya dubi inuwar ƙofa, don yana son ya koma kafin ɗalibansa su watse.

"Harisu, a daina wahalar da yaro," ya ce, yana laluben aljihu. "Ai abin yana cikin tawa. Iyalina sun ara sun buɗe ranar da aka turo. Sun ce sun danna wani wuri, yanzu ba ya ma tambayar komai, ko ba sabis buɗewa yake. A nan kam yaron ya yi ƙoƙari."

Musaddiq ya ɗago kai. Karo na farko a rayuwarsa ya kalli surukansa ido cikin ido.

"Baffa, don Allah..."

Baffa ya riga ya danna. Ya miƙa wayar tsakiyar darduma, fuskarta a sama, don kowa ya gani, shi bai ma duba ba.

Ga ni nan, atamfa ruwan zuma, baki har kunne, hula zanna mai aikin shuɗi a karkace. Baffa ya sunkuya, ya ja da baya, ya ce, "Inna lillahi." Alhaji Audi ya fara cewa ai yaran zamani, sai maganar ta maƙale.

Baba ya ɗauki wayar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga ido ya kalli kan Musaddiq. Jama'a, duk hulunan da yaron nan yake da su, ranar ba wadda ya ga damar sawa sai ita. A hankali ya sa hannu ya cire ta, ya cusa a ƙarƙashin cinyarsa.

"Ka ce ka sa ƙofa," in ji Baba, ba tare da ɗaga murya ba.

"Na sa, Baba."

"Da makulli."

"Da makulli, Baba."

"Wa da wa ke da makullin?"

Daga bayan taga Iya ta amsa da ƙarfi, "Kowa!"

Baba ya yi kamar bai ji muryar mahaifiyarsa ba. Ya tambaya ko daga shagon Musaddiq za a iya janye hoton daga wayoyin mutane. Musaddiq ya ce a'a, sai an bi kowace waya. Na jingina da bango ina jiran kalmar da za ta raba mu, har na fara tunanin yadda zan gaya muku.

"Ni in saniyata ta ɓalle ta shiga gonakin mutane," in ji Baba, "ba na zama a gida ina sauya igiya. Sawunta nake bi. Alhaji Audi, goronku ba zan mayar ba, kuma ba zan raba ba. Zai zauna a ɗakina. Yaro ya hau babur ɗinsa. Ranar da hoton nan ya fita daga waya ta ƙarshe a zuri'ar Malam Kalilu, ku dawo a sa rana." Ya karɓi wayarsa daga hannun Musaddiq, wadda sai a lokacin furen ya fito. Ya ɗan kalla. "Ginin dai ba laifi. Maigadin ne babu."

Tun daga ranar Musaddiq yake kan hanya. Ya gama cikin Daura, ya yi Dutsi, ya shiga Babban Mutum har babur ya yi faci. Kowace gwaggo sai ta sa ya tsugunna ya gaishe ta, ta dura masa fura, ta ce ya tsaya ta yi wa hoton kallon bankwana. Wata ta ce sai ya sa hular ta ga ko ita ce. Ya rame, ya yi baƙi, amma ya share. Jiya da yamma ya rubuto mini: "Saura ɗaya. Tana cikin gidanku."

Yau da safe na dama wa Iya kunun gyaɗa mai kauri yadda take so, na kai mata ɗaki, na zauna ina matsa mata ƙafa.

"Iyata ta kaina. Kawo wayar nan in ga wani abu."

"Ja'ira. Kunun na sha, wayar kuwa a'a."

"Iya, aurena fa. Ke kika kifa mini hular, ke kika yi shela, yanzu kuma ke za ki tsaya a ƙofa? In Baba ya zo da kansa fa?"

"Ya zo. Ni na haife shi, in ga bakin da zai ce in miƙo."

Ta kwance bakin zaninta, ta fito da wayar, ta buɗe. Ko kalmar sirri ba ta tambaye ta ba. Ta riƙe ta nesa da ido tana kallon hoton, har na ga bakinta ya daina motsi.

"Duk zaman da na yi da kakanki," ta ce, "hularsa ko wanki ba ya bari in yi mata. In zan gyara shimfiɗa sai ya ɗauke ta da kansa. Dube shi wannan, kai ba hula, yana kallonki ko kunya babu."

Ta mayar da wayar cikin zani, ta ƙulle, ta ƙara ƙulli a kai, ta jawo kofin kunu.

"Tashi ki je ki yayyafa wa goron nan ruwa," ta ce. "Zai daɗe."